Tsarabar Gidan Tarihi

Tsaraba ita ce ɗan abin da matafiyi kan riƙo wa mutanen gida, don su san bai manta da su ba. A da, kowane gari da irin tasa. Yanzu kuwa kasuwanni sun cika da kayan kanti iri ɗaya, har mai neman abin da babu a garinsu yakan rasa na saye.

Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya yi maganin wannan. Ban da ɗakunan nuni, an keɓe wa masu sana'ar hannu wuri, watau dukawa da masaƙa da maƙeran farfaru. Baƙo yakan ga tsohon aiki a ɗaki, sa'an nan ya fito ya tarar ana yin sabo, ya yi ciniki da mai aikin baki da baki.

Sai dai a lura, kayan nuni ba na sayarwa ba ne, domin gadon al'umma ne. Sabon aiki ake saye, kuma ribar da baduku ya samu a kan alabe ita ke sa ɗansa ya yarda ya gaji sana'ar.