Jan Ƙarfe, Dalma da Laimar Damina: Masu Gyaran Kayan Lantarki a Mahuta

Mahuta tana kudu da kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, a yankin matatar man da aka buɗe a 1980. Unguwa ce da ke ta faɗaɗa, sababbin gidaje na tashi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take zuwa. Saboda haka da wuya ka shiga gida ba ka tarar da fitila ko fanka mai caji ba, masu hali kuma sun haɗa da inbata da farantin sola. Duk kayan nan suna lalacewa, kuma idan sun lalace teburin mai gyara suke nufa. Tebur ne ɗan ƙarami a bakin shago ko ƙarƙashin rumfa, a kansa akwai ƙarfen liƙi, da naɗin dalma, da mita, da filaya, da tsohon buroshin goge baki, da gwangwani cike da sukurori.

Mai kallo yakan ɗauka gwanintar duka a hannu take, wato yadda ake ɗiga dalma ta kwanta sumul tana ƙyalli. Wannan kuwa, yaro mai natsuwa zai iya ƙwarewa a kai cikin 'yan watanni. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin ƙarfen da ke cikin robar waya, domin gyaran da aka yi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, sai Agusta ake sanin ingancinsa. Daminar Kaduna doguwa ce, daga wajen Afrilu ko Mayu har Oktoba, kuma ƙurar da ta taru cikin na'ura tun hunturu ita ke shan laima ta riƙe ta a kan ƙarfe.

Jan ƙarfe shi ne uban tafiya. In ban da azurfa babu ƙarfen da ya fi shi ɗaukar wuta, yana lanƙwasuwa ba ya saurin karyewa, kuma dalma na kama shi nan take. Amma yana da nasa ciwon. Idan ya zauna tsirara cikin iska sai ya dushe, ya yi duhu, in kuma laima da gishiri ko tururin ruwan batir suka same shi sai ya yi kore. Ruwa kan bi tsakanin silin waya ya shige can ƙarƙashin roba, har ka feɗe kamu guda ka tarar duk ya yi baƙi. Irin wannan waya dalma ba ta kama ta, sai dai ta dunƙule a kanta. Gwani yakan ci gaba da yankewa har ya iske inda ƙarfen yake ja, in bai samu ba ya jefar da ita.

Babbar masifar sana'ar a yau ita ce wayar da ta yi shigar burtu. Cikinta alminiyom ne, an yi masa ɗan lulluɓin jan ƙarfe a waje, galibi kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kaurinsa. Da ido ba ka raba ta da ta gaskiya. Alminiyom kuwa kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka yake iya ɗauka, don haka wayar na ɗaukar zafi a inda ta ƙwarai ba za ta ko ji ba. Da zarar iska ta taɓa shi sai ya yi wata 'yar fata da ido ba ya gani, wadda dalmar yau da kullum ba ta ratsawa. Mafi muni, idan jan ƙarfe da alminiyom suka haɗu kuma laima ta shiga tsakaninsu, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, ya zama farin gari. A daidai bakin da aka yanke wayar, inda ƙarafan biyu ke buɗe, nan ɓarnar ke farawa. Fanka ta yi wata biyu tana aiki, ran nan ta tsaya, mai ita ya dawo yana faɗa, alhali liƙin na nan daram, wayar ce ta ruɓe a gefensa.

Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa sayen waya sai sun gwada. Akan kankare sili guda da reza: in fari ya bayyana a ciki, an gane. Akan kunna ashana ko laita a ƙarƙashin silin: na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, domin sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, na alminiyom kuwa, da ke narkewa a 660, sai ya lanƙwashe ya zube. Akan kuma kusanto da maganaɗisu, saboda akwai wata jabun da baƙin ƙarfe ne a ciki, ita kuma tsatsa ce ajalinta. Nauyi ma shaida ne, naɗin jan ƙarfe na gaske ya ninka na alminiyom nauyi fiye da sau biyu. Gwaje-gwajen nan ba su cin ko sisi, kuma a ganina su ya kamata maigida ya fara koya wa yaro tun kafin ya miƙa masa ƙarfen liƙi.

Inda ake tsoron laima sosai, kamar wayar da ke fitowa daga farantin sola ko wadda ke kusa da batir, zaɓin ƙwarai shi ne jan ƙarfen da aka shafe kowane silinsa da kuza. Launinsa fari ne, har wanda bai sani ba ya zaci alminiyom ne, amma in ka kankare sai ja ya fito. Irinsa ake sa wa jiragen ruwa. Kuzar na kare shi daga iska, kuma ko ya shekara a ajiye dalma na kama shi. Abin takaici ne a ce muna sayen wannan daga waje da tsada, alhali tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suke narka kuza, daga baya kuma tsaunukan Jos suka shafe shekaru suna cikin manyan wuraren haƙo ta a duniya.

Ita kanta dalmar liƙi gaurayen kuza ce da dalma. Mai kashi 63 na kuza da 37 na dalma tana narkewa a digiri 183. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki a 2006, yawancin sababbin na'urori da wani gauraye na kuza da 'yar azurfa da jan ƙarfe ake liƙa su, mai buƙatar zafi kusan 217, abin da ke sa ƙaramin ƙarfen liƙi ya yi ta fama a kansu. Sai kuma man da ke share ƙarfe kafin dalma ta kwanta. Na kayan lantarki daga ƙaron itace ake yin sa, ba ya cin ƙarfe. Akwai wani mai asid da masu gyaran lagireto da masu aikin famfo ke amfani da shi, yana sa dalma ta kama ko a kan datti, shi ya sa yake ruɗin ɗan koyo. Duk allon da aka shafa wa shi, damina ɗaya ta ishe shi ya yi kore, siraran hanyoyin wutarsa su tsinke.

Akwai kuma kuskuren da mai neman kyautatawa ke yi: ya cika bakin waya da dalma sannan ya ɗaure shi da sukuru. Dalma laushi gare ta, a hankali take bajewa a ƙarƙashin matsi, sai ɗaurin ya saki, wurin ya fara zafi. A kan inbata wannan kan iya zama gobara. Nan ƙaramin bututun da ake matsewa da filaya ya fi dacewa.

Bakin caja da na katin waya kuwa, ɗan rawayan da ake gani zinariya ce siririya ƙwarai a kan nikel, don ita ba ta dushewa. Wanda ya goge ta da takarda mai yashi ya cire garkuwar.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Abin da ke kan teburin gyara bai kai wannan ba, amma ƙarfen ɗaya ne, kuma ta baki yake shiga. Yaron da ke riƙe silin dalma da haƙora don hannayensa biyu na aiki, ko ya ci gyaɗa bai wanke hannu ba, hakkinsa na wuyan maigidansa.

Matsalar da ta fi ƙarfin mai gyara ita ce aljihun mai kaya. Mutum ya zo da fitila yana cewa, maigida, a dai sa ta kama, kuɗin da zai bayar kuma bai kai na wayar kirki ba. Araha ba ta ado, amma in aikin ya warware sunan mai gyara ne ke ɓaci, ba na wanda ya shigo da jabun ba. Don haka masu dabara sukan tara tsofaffin talabijin da rediyo, ko su haura kasuwar Panteka, su ciro wayoyin cikinsu, domin kayan da aka ƙera shekaru talatin da suka wuce jan ƙarfe zalla ne, sau da yawa ma mai shafen kuza. Wayar gida mai kauri kuwa ba sai an je nesa ba, kamfanin Nocaco na yin ta a Kakuri, nan kudancin kogin. Waɗanda suka fi burge ni su ne masu ajiye guntayen waya biyu a kan tebur, ta gaske da jabu, su kunna ashana a gaban mai kaya ya gani da idonsa, sannan su faɗa masa kuɗin kowacce ya zaɓa.