Yadda Baƙin Manoma Suka Cika Katsinar Laka

Katsinar Laka ake kiran kudancin Katsina, wato ɓangaren Funtuwa, Maska da Malumfashi, saboda ƙasar mai danƙo ce, kuma damina ta fi ta arewa tsawo. Amma a ƙarni na 19 noma nesa da ganuwa kasada ne, don mahara daga Maraɗi ba su bar mutane sun sake ba.

Bayan Turawa sun ci Katsina a 1903 hare-haren suka lafa, jama'a suka fantsama cikin daji. Yunwar Kakalaba ta 1914 ta ƙara koro mutanen arewa. Da ƙafa suka zo, ta hanyoyin fatake, jaki ɗauke da 'yan komatsai da irin shuka. Wasu ci-rani ya kawo su, da suka ga albarkar ƙasar sai suka koma suka kwaso iyali.

Ba a zama kai tsaye. Baƙo zai je gaban dagaci ya yi gaisuwa, a nuna masa yankin daji. Ya yi sassabe, ya kafa bukka, ya haƙa rijiya. Dangi su biyo shi ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya ɗauki sunansa. Asalin yawancin Unguwar Wane da Gidan Wane ke nan.

Auduga ce ta ƙarasa aikin. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, da aka kammala a 1929, ya ratsa Funtuwa, ga injin gurzar auduga. Yau a Funtuwa Sarkin Maska yake zaune.