Tafkin Da Ake Kamun Kifi A Kan Tsani

'Yan uwana mata, in aka ce muku akwai inda masunci ke saɓa tsani ya shiga ruwa da shi, ai sai ku ce tatsuniya ce. To ba tatsuniya ba ce, haka ake yi a tafkin Piramid da ke cikin hamadar jihar Nevada a Amurka, a ƙasar 'yan ƙabilar Paiute.

Abin da ke kai su shi ne wani ƙaton kifi da ake kira turawut, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa. Kifin nan ruwan sanyi yake so, shi ya sa lokacin kamunsa ke farawa a watan Oktoba. Masunci zai kutsa har ruwa ya kai masa ƙugu, ya kafa tsaninsa ya hau, don ya tsira daga sanyi, ya kuma samu jifansa ya kai inda ruwa ya yi zurfi.

Abin mamaki, babu tana babu nama a jikin ƙugiyar, doka ma ta hana. Gashin tsuntsu ne kawai da zare ake naɗawa har su yi kama da ƙwaro. Da yake ƙwaron ƙaryar ba shi da nauyi, igiyar ce ke da nauyi, sai an yi ta kaɗa ta gaba da baya kafin a sake ta. Daga nan sai haƙuri, ana ja a hankali a hankali, har gogan naku ya zaci abinci ne ya kai cafka. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala!

Sai dai ba ƙugiya ce kaɗai ta so ganin bayan kifin nan ba. A 1905 aka gina madatsar ruwa ta Derby a kan kogin Truckee, wanda nan ne yake hawa ya zuba ƙwai. Ruwa ya ja baya, hanya ta toshe, ga masu kamun sayarwa ba sassauci. Tafkin da a 1925 aka kama mai nauyin kilo 18 da ɗoriya a cikinsa, sai ga shi a shekarun 1940 ko ɗaya babu.

Ashe da sauran shan ruwansa a gaba. A ƙarshen shekarun 1970 aka gano 'yan ƙananan jikokinsa a wani ɗan rafi a dutsen Pilot Peak, inda aka taɓa zuba kakanninsu aka manta. Aka raine su, a 2006 aka fara mayar da su gida. Cikin 'yan shekaru aka shiga kama masu kilo 9 da fiye.

Shi ya sa yau ƙugiya marar ƙaya ake amfani da ita, kuma da yawa in sun kama, sai su ɗauki hoto su sake shi ya koma ruwa. Wanda ya taɓa rasa abu, shi ya san yadda ake riƙonsa.