Masu Ɗora Wa Ƙwayoyin Nono Kayan Rigakafi

Duk macen da ta saba kwantar da madara ta san yadda ake yi: a zuba ɗan ragowar nonon jiya, a rufe ƙwarya da faifai, da safe a tarar da kindirmo. Masu yin aikin cikin dare ƙwayoyin bakteriya ne, dangin Lactobacillus da Lactococcus, waɗanda ke cinye zaƙin madara su bar tsami. To akwai masu sana'a a ɗakunan gwaje-gwaje da suka mayar da waɗannan ƙwayoyi jakin kai saƙo. Saƙon kuwa rigakafi ne da za a haɗiya, babu allura.

Aikin na mai haƙuri ne. Ba ya ɗauko bairas ɗungurungum. Ƙwayar halitta guda yake cirowa, wadda ke ƙera wani furotin na jikin bairas ɗin, ya ɗinke ta cikin ɗan zoben DNA. Daga nan ya bugi ƙwayoyin nonon da lantarki na ƙiftawar ido, fatarsu ta ɗan buɗe, zoben ya shige. Sai ya shafa su a faranti mai abinci kamar kamu da ya daskare, ya ajiye cikin ɗumi. Bayan kwana ɗaya ko biyu ɗigo-ɗigo farare kamar ƙwayar gero su bayyana, ya bi su da tsinke yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa farantin kan wayi gari fayau, a koma farko.

Dabarar tana da hujja. Yawancin bairas ta baki, hanci ko al'aura suke shiga, kuma rigakafin da aka haɗiya kan tayar da garkuwa a irin waɗannan ƙofofi. Amma hanji yana da nasa hali: ya saba ganin abinci bai tada hankali ba, don haka yakan ɗauki saƙon a matsayin tuwo kawai. Ga kuma tsamin ciki da ke kashe ƙwayoyin tun a hanya. Nan gwanintar mai sana'a take.

Masana a Kambirij ta Ingila sun nuna a 1997 cewa ɓerayen da aka shayar da Lactococcus mai ɗauke da wani yanki na dafin tetanus sun samu kariya. A Japan, Kei Kawana da abokan aikinsa sun ba mata masu alamun farko na sankarar bakin mahaifa kafso na Lactobacillus casei mai ɗauke da furotin E7 na bairas ɗin HPV16. A Harbin ta ƙasar Sin kuwa, zawon aladu da bairas ke kawowa aka fi sa wa ido.

Abin da ya sa nake bibiyar wannan sana'a shi ne ɗigon shan inna. Mun ga ma'aikata suna yawo gida-gida da akwatin ƙanƙara, suna fargabar rana ta lalata maganin kafin ya kai bakin yaro. Ƙwayoyin nono ana iya busar da su su zama gari, burin masu aikin kuma shi ne garin ya jure tafiya ba firji. Har yau dai ba a amince da ko ɗaya daga cikin irin wannan rigakafi don amfanin jama'a ba. Duk suna matakin gwaji.