Me Ya Sa Ake Hana Iyayenmu Bizar Ziyara Duk da Takardar Gayyata?

Idan kana da ɗan'uwa da ke aiki ko karatu a Ingila, Amurka ko Jamus, da wuya a ce ba ka taɓa jin irin wannan ba. An yi haihuwa ko lokacin bikin kammala digiri ya zo, ya aiko wa mahaifiyarsa takardar gayyata haɗe da shaidar albashinsa, an taso daga Birnin Kebbi ko Argungu an wuni a mota zuwa Abuja, an biya kuɗi an ɗauki hoton yatsu, sai amsa ta dawo cewa an ƙi. A gida akan ce ba rabo, ko kuma a ce Turawan nan ba sa son mu. Rabo dai na Allah ne, amma shi ƙin yana da tsarin da yake bi, kuma idan ka fahimce shi za ka ga cewa yawancinmu muna amsa tambayar da ba ita aka yi mana ba.

Mu kan ɗauka cewa jami'in biza yana son sanin ko mai gayyata mutumin kirki ne, kuma ko zai iya ciyar da baƙonsa. Tambayarsa ta gaskiya daban ce: shin wannan mutum zai koma gida idan wa'adinsa ya cika? Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 ta faɗe shi ƙarara a sashe na 214(b): duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa a matsayin mai niyyar zama dindindin, har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Wato nauyin kawo hujja yana wuyanka tun kafin ka buɗe baki. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ma ta bayyana cewa takardar gayyata ba ta cikin abubuwan da ake dubawa wajen bayarwa ko hanawa. Birtaniya tana duba takardun mai ɗaukar nauyi, amma ita ma sharaɗinta na farko shi ne jami'i ya gamsu cewa kai baƙo ne na gaskiya wanda zai fita a ƙarshen ziyararsa. Ƙasashen Turai masu bizar Shengen suna da irin wannan sharaɗi a dokarsu ta 2009.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Ɗan da ya yi nasara a Manchasta, wanda muke ganin shi ne babbar hujjarmu, a idon jami'i yana iya zama dalilin da zai sa tsohuwa ta ƙi dawowa.

Masana tattalin arziki suna da bayani a kan wannan. A 1970 George Akerlof ya yi rubutu a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda ya nuna abin da ke faruwa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba. Ɗauki misalin tsohon injin ban-ruwa da za ka saya a kasuwar Argungu. Mai shi ya san ko lafiyayye ne, kai ba ka sani ba, kuma mai lalataccen inji zai yi rantsuwa iri ɗaya da mai nagari. Sai ka rage wa kowa farashi, mai gaskiya ya cutu saboda marar gaskiya. A 1973 Michael Spence ya ƙara da cewa a irin wannan hali, alamar da ake yarda da ita ita ce wadda ke da wahalar ƙirƙira ga maƙaryaci. Su biyun, tare da Joseph Stiglitz, sun samu kyautar Nobel a 2001 saboda wannan fanni. Jami'in biza shi ne mai sayen injin. "Wallahi zan dawo" magana ce da kowa zai iya faɗa kyauta, don haka ba ta da nauyi a wurinsa. Albashin da ke shiga asusu ƙarshen kowane wata na tsawon shekaru, ko fasfo mai tambarin fita da dawowa a kan lokaci, waɗannan ba a ƙirƙirarsu a dare ɗaya.

A nan ne mutanen kwarin Rima ke shan wahala ta musamman, domin arzikinmu ba ya barin sawu a takarda. Ka ɗauki manomin shinkafa a fadama mai noman rani da na damina, ga shanu a wurin makiyayi, ga iyali babba da ba zai iya barinsu wata uku ba. A zahiri babu wanda ya fi shi dalilin dawowa. Amma gonar gado ce, shaidarta tana bakin dattawa da mai unguwa, babu takardar mallaka ta C of O daga gwamna ko ta ƙaramar hukuma kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tsara. Cinikin shinkafar kuma yawanci hannu da hannu ne, kuɗin na zuwa da yawa bayan girbi sannan asusu ya yi shiru wata da watanni. Ko da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 ya tura manoma da dama buɗe asusun banki, buɗe asusu daban, wucewar harkar mutum ta cikinsa daban. Sai ka ga ma'aikacin gwamnati mai ritaya, wanda fanshonsa bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba, ya fi wannan manomi kyan gani a takarda. A ganina wannan rashin adalci ne na ma'auni, domin an ƙera shi ne daidai da rayuwar ɗan albashi. Amma da shi ake aunawa.

Abin da iyalai ke yi don cike wannan giɓi shi ne ke ƙarasa kashe maganar. Ana saura sati biyu a miƙa takardu, sai 'yan'uwa su haɗa kuɗi, ko a kwashi adashi, a zuba miliyoyi a asusun da bai saba ganin dubu ɗari ba. Jami'an Birtaniya, waɗanda galibi ba sa ganin mai nema ido da ido sai dai takardunsa, suna bin bayanan banki layi-layi, kuma kuɗin da ya faɗo ba bayani yana cikin dalilan da suka fi rubutawa a takardar ƙi. Suna kuma kwatanta kuɗin tafiya da abin da mutum ke samu. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, don haka tafiyar sati uku na iya zama daidai da samun mutum na shekara. Idan ɗanka ne zai biya komai, a faɗi haka a fili, ya kawo shaidarsa. Dokar Birtaniya ta yarda da hakan. Ƙaramin asusu mai gaskiya ya fi babba mai alamar aro.

Akwai kuma saɓanin bayanai. Dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, sai ka tarar shekarar da ke fasfo daban, ta katin ɗan ƙasa daban, suna kuma nan Aishatu can A'isha. A wurinmu ba komai ba ne, a wurin mai neman dalilin shakka kuwa ya samu.

Sai maganar jego. Uwa ta je ta kula da 'yarta da ta haihu al'ada ce da ba ta buƙatar bayani a wurinmu. Amma idan aka rubuta cewa za ta yi wata shida tana renon jariri don mai jego ta koma aiki, jami'i na iya karanta shi a matsayin aikin reno, alhali bizar ziyara ta hana aiki. Ƙa'idar Birtaniya ta yarda da taimakon iyali na ɗan gajeren lokaci. Tsawon zaman da aka nema shi ma magana ne: wanda ya ce yana da gona ko shago amma zai iya barinsu rabin shekara, ya raunana hujjarsa da kansa.

Ka yi hattara da masu cike fom a shagon intanet da ke cewa za su "gyara" takardu. Ƙin da aka yi don rashin gamsuwa ba hukunci ba ne, ana iya sake nema. Amma takardar bogi tana jawo haramcin da kan kai shekara 10 a Birtaniya, a Amurka kuwa na har abada ne. Haka nan ɓoye cewa an taɓa hana ka, ko ɓoye ɗan'uwa da ke can, domin suna da bayanan a kwamfutarsu tare da hoton yatsunka.

Gaskiya ita ce wani ɓangaren ba ya hannunka ko kaɗan. Ana auna ka ne tare da tarihin 'yan ƙasarku, kamar dai yadda mai injin kirki ke biyan bashin marar gaskiya. A 2023 da 2024 ƙasashen Shengen sun ƙi sama da kashi 40 cikin 100 na buƙatun da aka shigar daga Najeriya. Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku a Yulin 2025, sannan a Disambar shekarar ta saka Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ziyara daga 1 ga Janairun 2026. Don haka kafin a biya dala 185, wadda ba a mayarwa ko an ƙi, a duba shafin ofishin jakadancin a ga halin da ake ciki.

Idan an riga an ƙi, kada a jefar da takardar cikin fushi. Ta Amurka gajeriya ce, sashen doka kawai take ambatawa, kuma babu ɗaukaka ƙara. Ta Shengen tana nuna dalilin da aka zaɓa tare da hanyar ƙalubalantarsa. Ta Birtaniya ta fi amfani, domin jami'in kan rubuta ainihin abin da bai gamsar da shi ba, har da ranar da kuɗi ya shiga asusu da adadinsa, ko da yake tun Yunin 2013 aka soke cikakken 'yancin ɗaukaka ƙara a bizar ziyarar dangi. Sake nema da takardun jiya amsar jiya zai kawo. Manomin da ke da niyyar tafiya baɗi, tun girbin bana ya kamata ya fara karɓar kuɗin shinkafarsa ta banki, yana ajiye rasit na kamfani ko na dillali, ya nemi takardar gonarsa, ya kuma daidaita suna da ranar haihuwa a fasfo da katin ɗan ƙasa da asusunsa.