3.4 Marfin Alƙalami Mai Shan Tawada: Kayan Ƙira da Nau'o'in Ado

A sashen da ya gabata an yi bayanin alƙalamin gargajiya wanda malamai da almajirai ke fiƙewa daga gamba ko kara a makarantun allo na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Wannan alƙalami ba ya buƙatar marfi, domin ba ya riƙe tawada a cikinsa. Tawadar tana cikin kurtu, kuma idan bakinsa ya dakushe sai a sake fiƙe shi. A wannan sashe za a duba marfin alƙalami mai shan tawada, tare da nuna cewa abin da aka ƙera marfi da shi ya fi adonsa tasiri a kan amfanin alƙalami a ƙasa mai zafi da ƙura irin arewacin Zamfara.

3.4.1 Aikin Marfi

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin da ya taso daga Zariya ta Gusau. Cinikin gyaɗa da auduga da ilmin boko sun kawo akawuna da malaman makaranta, waɗanda aikinsu ya dogara da rubutu a takarda. Alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa ya dace da wannan aiki, sai dai yana da rauni guda. Tawadarsa ruwa ce, don haka idan iska ta samu bakinsa sai ta bushe ta toshe hanya. Wannan ya fi tsanani a lokacin hunturu. Saboda haka ainihin aikin marfi shi ne tsare iska, ta hanyar wani ƙaramin marfi da ke cikinsa. Bayan haka yana kare baki daga lanƙwashewa, yana kuma ɗauke da maƙallin da ake soka shi a aljihu.

3.4.2 Kayan Ƙira

(a) Roba mai tauri. Ita ce robar da aka dafa da farar wuta har ta sandare. Da ita aka yi mafi yawan alƙaluman farko, har da Duofold wanda kamfanin Parker na Amurka ya fitar a 1921. Tawada ba ta cin ta, amma rana tana kashe mata launi ta koma ruwan ƙasa, kuma bakin marfin yana saurin tsagewa.

(b) Seluloyid. Ana haɗa shi ne daga auduga da aka sarrafa da sinadari tare da kafur. Kamfanin Sheaffer ya yaɗa shi a 1924. Ya samu karɓuwa saboda yana ɗaukar launuka masu ban sha'awa. Illarsa ita ce yana kama wuta da sauri, kuma zafi da daɗewa suna sa shi ƙanƙancewa har marfi ya daina zama daidai.

(c) Ƙarfe. A 1941 aka fitar da Parker 51, mai jikin roba da marfin ƙarfe da ake turawa maimakon murɗawa. An yi marfinsa da farin ƙarfe marar tsatsa, da azurfa, da kuma tagulla mai rufin zinariya. Kamfanin Hero na Shanghai a ƙasar Sin ya kwaikwayi wannan siffa a alƙalumansa masu araha. Marfin ƙarfe ba ya tsagewa, sai dai yana lotsawa idan ya faɗi.

(d) Robar zamani. Ana narka ta a zuba a mazubi, shi ya sa ta fi sauran arha da rashin nauyi. Rauninta yana baki, musamman ga mai cusa marfi a gindin alƙalami da ƙarfi lokacin rubutu. Don haka ne ake ɗaura wa marfi zoben ƙarfe. Wannan zobe ba kwalliya ce kawai ba.

3.4.3 Nau'o'in Ado

A nan ne mai saye ya fi ruɗuwa, domin marfi biyu suna iya zama launi ɗaya alhali ƙirarsu ta bambanta. Akwai marfin da aka manna wa fallen zinariya da zafi da matsi. Irin wannan yakan ɗauki alama kamar 1/10 12K, wato kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙarfen zinariya ce mai karat 12. Akwai kuma wanda aka yi wa ruwan zinariya kawai da lantarki. Rufinsa siriri ne ƙwarai, gumi da gogar aljihu suna cinye shi har tagulla ta bayyana, galibi daga kan maƙalli. Azurfa, wadda takan ɗauki lambar 925, tana yin baƙi amma tana dawowa idan an goge. Farin ƙarfe kuwa iri biyu ne: mai sheƙi kamar madubi, wanda ƙura ke yi wa zane a fili, da mai dishi-dishi wanda ke ɓoye ƙarzuwa.

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Baduku da ke ɗinka gafaka yana rina fata da karan dafi ko kuloko ko gangamau, amma mai saye da ya san kaya jima da ɗinki yake fara dubawa kafin launi.

3.4.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa marfin da ya dace da wannan yanki shi ne wanda ke rufewa gam, mai zobe a baki, wanda rana ba ta canza shi. Bisa wannan ma'auni farin ƙarfe mai dishi-dishi ne a gaba, ko da yake ba shi ne ya fi ɗaukar ido ba. A sashe na gaba za a duba yadda biro, wanda tawadarsa mai kauri ba ta saurin bushewa, ya maye gurbin wannan alƙalami a makarantu da ofisoshi.