Gida Ko Kanti? Abuja Na Cin Tarar Laifin Da Tsarinta Ya Haifar

Duk wanda ya san Titin Aminu Kano da ke unguwar Wuse II a ƙarshen shekarun 1990, idan aka rufe masa ido aka sauke shi a kansa yau, sai ya yi tambaya kafin ya gane inda yake. A wancan lokaci yawancin gine-ginen da ke bisa titin gidajen kwana ne, masu gajeriyar katanga da 'yan itatuwa a tsakar gida, ga maigadi zaune a bakin ƙofa da rediyonsa. Yau kuwa bankuna ne da kantuna da gidajen abinci da asibitocin kuɗi da wuraren shaƙatawar dare, sun jeru kafaɗa da kafaɗa har ido ya gaji. Abin mamakin shi ne, a tsawon waɗannan shekaru takardun mallakar da yawa daga cikin filayen nan ba su canja ba. A rubuce gidan zama ne, a zahiri kuma kasuwa ce.

A watan Satumbar 2025 ne Hukumar Birnin Tarayya, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta sanar da cewa ta amince da sauya matsayin filayen da ke kan wasu tituna 15 a unguwannin Maitama da Asokoro da Wuse II da Garki, ciki har da Titin Gana da Titin Gimbiya da na Adetokunbo Ademola da shi kansa na Aminu Kano. Aka ce duk wanda ya mayar da gidansa wurin kasuwanci ba da izini ba ya biya tarar Naira miliyan 5 tare da kuɗin sauyin, sannan a ba shi sabuwar takardar mallaka ta shekara 99. Wasu sun yaba, suka ce gwamnati ta rungumi gaskiyar da kowa ke gani da idonsa. Wasu kuma suka ce an dai sa wa laifi farashi ne kawai. A nawa ganin kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai akwai mutum guda da duka biyun suka manta da shi.

Ina da wani aboki, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ya sayi gidan da yake ciki a Wuse II lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara sayar da gidajenta daga 2005. Bashin banki ya ci, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya ce ya sami inda zai tsufa. Yanzu gidan da ke damansa ya zama wurin cin abinci mai kiɗa har ƙarfe uku na dare, na hagunsa kuma ofishin wani kamfani ne mai janareta biyu, kowanne ya kusa girman ɗaki. Motocin baƙi su tare masa ƙofa, hayaƙin dizal ya cika ɗakin matarsa mai fama da asma, ga magudanar ƙazanta da aka yi wa lissafin iyali guda tana ɗaukar kayan mutum ɗari. Ya rubuta takardun koke har ya gaji. Bai karya doka ko ɗaya ba, don haka ba ya cikin waɗanda za su biya tara, ba ya kuma cikin waɗanda za a ba sabuwar takarda. Babu wanda ya tambaye shi komi.

Kafin mu ɗora wa maƙwabtansa laifi gaba ɗaya, yana da kyau mai karatu ya tuna yadda aka faro birnin. A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta samar da sabon babban birni, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Wata gamayyar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ce ta zana babban tsarin birnin, ta miƙa shi a 1979, inda ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kuma kimanin miliyan 3 idan an kammala dukkan matakai. Tsarin ya raba komi daki-daki: nan wurin kwana, can wurin ofis, can kuma masana'antu. Kowace ƙaramar unguwa an ware mata cibiya mai makarantar firamare da 'yan shaguna, kowace gunduma kuma an ware mata kasuwa da asibiti, sannan aka bar hanyoyi na musamman domin jirgin ƙasa da manyan motocin haya.

Wannan tunani na raba wurin kwana da wurin nema ba a Abuja aka fara shi ba. Birnin New York ya kafa dokarsa ta farko irin wannan a 1916, kuma a 1926 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta tsarin a shari'ar wani ƙaramin gari mai suna Euclid a jihar Ohio. Mu nan kuwa ta hannun Turawan mulki ya shigo mana, da dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga, wadda ta haifar da unguwannin Turawa da aka kewaye da fili mai faɗin yadi 440 da ba a yarda kowa ya yi gini a ciki ba. Daga nan muka gaji cewa unguwar manya ita ce wadda ba a jin motsin sana'a a cikinta. Alhali kuwa garuruwanmu na asali ba haka aka gina su ba. Zaure wurin karɓar baƙi ne, wurin karatu ne, kuma wurin ɗinki ko saƙa ko dukanci ne, har unguwanni irin su Soron Ɗinki da Dukawa a birnin Kano suka samo sunansu daga sana'ar mazaunansu. Ba ina cewa a mayar da Maitama ta zama Soron Ɗinki ba ne. Ina dai nuni da cewa dokar da ta haramta wa mutum buɗe shago a jikin gidansa baƙuwa ce a wurinmu, kuma baƙuwar doka tana buƙatar a tanadar wa jama'a madadin abin da ta hana su.

To, madadin ne ba a tanada ba. Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta taso daga Legas a ranar 12 ga Disambar 1991, ma'aikata da 'yan kwangila da bankuna da masu neman abinci suka kwararo a lokaci guda, alhali ofisoshi da shagunan da za su ɗauke su ba a gina su ba. Da yawa daga cikin filayen da aka ware wa cibiyoyin unguwanni da wuraren shan iska an yanka su an raba wa masu hanya. Jirgin ƙasan da tsarin ya dogara a kansa bai fara tafiya ba sai a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a 2024, kuma har yanzu bai ratsa unguwannin da jama'a ke kai-komo a cikin gari ba. Shin likitan da ke neman inda zai buɗe asibiti, ko lauyan da ke neman ofis, ina zai nufa? Sai ya kama hayar gida a kan babban titi, ya rushe bangon falo, ya kafa allo. Mai gida kuma ya ga hayar ofis ta ninka ta iyali, ya ba masu haya notis.

A nan ne maganar tsakiyar birni ta shigo, domin ita ce ya kamata ta shanye duk wannan kasuwanci. Shahararren mai zanen gine-ginen nan na Japan, Kenzo Tange, wanda ya zana dandalin tunawa da harin Hiroshima, shi aka ba aikin fasalta tsakiyar Abuja. Ya shimfiɗa ta a kan dogon layi da ya taso daga gindin Dutsen Aso, inda majalisa da fadar shugaban ƙasa da Kotun Ƙoli suke, ya miƙe yamma ta tsakiyar ma'aikatu da wuraren ibada da cibiyoyin kasuwanci. A takarda abin gwanin sha'awa ne. Amma mai karatu ya gwada takawa da ƙafa daga Sakatariyar Tarayya zuwa hedikwatar Babban Banki da tsakar rana a watan Maris, zai fahimci abin da nake nufi. Kowane gini ya ja da baya ya shige cikin katangarsa, ya sa filin ajiye motoci tsakaninsa da titi, ya bar mai tafiya a ƙasa da rana da ƙura da tituna masu faɗin da tsallaka su sai an yi shahada. Babu rumfa, babu shago a hawan ƙasa, babu inda mutum zai zauna ya sha ruwa. Ga kuma bangayen gilashi da aka kwaikwayo daga ƙasashen sanyi, waɗanda ke mayar da ofis tanda da zarar an ɗauke wuta.

Bayan haka ga filaye birjik da aka raba shekaru aru-aru, an kewaye su da kwano an tafi, ana jiran farashi ya tashi. Ita kanta gwamnati ba ta ba da kyakkyawan misali ba, domin Hasumiyar Millennium da hedikwatar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, waɗanda aka fara ginawa a 2006, sun shafe kusan shekara ashirin a matsayin kango. Kuma da yake kusan babu gidajen kwana a wannan yanki, da an tashi daga aiki sai ya koma tamkar maƙabarta. Masinja da direba da mai shara da ƙaramin akawu duk su kama hanyar Nyanya da Mararaba da Masaka ko Kubwa da Suleja, su kwashe sa'o'i a cunkoso, gobe da asuba su sake dawowa. Tsakiyar gari ta ƙi karɓar mazauna, unguwannin zama kuma kasuwanci ya kore mazaunansu. Wannan ciwo ɗaya ne mai fuska biyu.

Wani zai ce ai maganin shi ne a tsaya a kan doka, kamar yadda aka yi a zamanin Malam Nasir El-Rufa'i daga 2003 zuwa 2007. Babu shakka an yi abubuwan kirki a lokacin: an kwato wasu wuraren shan iska, an rushe gine-ginen da aka ɗora a kan magudanan ruwa, an kuma shigar da bayanan filaye cikin kwamfuta, abin da ya rage cuwa-cuwar takardun bogi. Har wasu manya ma katafila ta taɓa su. Amma nauyin rusau ɗin a kan talaka ya sauka, a wurare irin su Chika da Idu-Karmo, inda ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a suka ƙiyasta cewa mutanen da aka tasa a birnin cikin waɗannan shekaru sun haura 800,000. Yau ga shi mai bene a Titin Gana ya karya doka iri ɗaya da ta mai rumfar kwano a Karmo, wato gina abin da ba a amince ba a inda ba a amince ba, amma shi an ce ya biya miliyan 5, kuɗin da watakila bai kai hayar wata biyu na gininsa ba. Dokar da take zuwa wa wani da jan fenti da katafila, ta zo wa wani da rasit, da wuya ta sami mai girmama ta.

Ban ga laifin mayar da manyan tituna wuraren da ake haɗa zama da kasuwanci ba. Hasali ma ƙasar da ta koya wa duniya wannan rabe-rabe ta fara janye jiki daga gare shi, alal misali birnin Minneapolis da ya yanke shawara a 2018 cewa filin da a da gidan iyali ɗaya kawai ake yarda a gina a kansa, yanzu ana iya yin na iyali uku. Abin da nake ƙi shi ne a yi sauyin a ofis, tsakanin mai laifi da mai karɓar tara. Dokar tsara birane ta 1992, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003 cewa ba ta ɗaure jihohi amma tana aiki a Birnin Tarayya, ta tanadi a baje daftarin tsari a gaban jama'a domin mai ƙorafi ya yi ƙorafinsa. Me zai hana a bi wannan ruhi a kan kowane titi da za a sauya? A kafa allo a bakin fili, a ba maƙwabta wata guda, a saurare su. Sannan izinin ya zo da sharuɗɗan da za a iya aunawa: mota nawa filin zai ɗauka a cikinsa, ƙarfe nawa za a kashe kiɗa, ina za a ajiye janareta, wa zai biya kuɗin faɗaɗa bututun ƙazanta. Ai da bambanci tsakanin kantin magani da gidan rawa, bai kamata a zuba su a kwando ɗaya da sunan kasuwanci ba. Kuɗin tarar kuma a kashe shi a kan titin da aka karɓe shi, a idon waɗanda suka sha wahalar.

Game da tsakiyar birni, tunda kundin tsarin mulki ya danƙa dukkan filayen Abuja a hannun Gwamnatin Tarayya, minista yana da ƙarfin da zai ce wa mai riƙe da fili ya gina ko ya saki. Kuma idan za a gina, a wajabta hawan ƙasa ya fuskanci titi da shaguna da rumfar inuwa, motoci su koma baya ko ƙarƙashin ƙasa, a kuma yarda, kai a ma tilasta, wasu hawa na sama su zama gidajen kwana, har da ƙanana masu ɗaki ɗaya ko biyu da ma'aikacin mataki na takwas zai iya kamawa. Haka nan ɗakunan baya da ake kira boskwata, waɗanda kowa ya san dubban matasan ma'aikata a cikinsu suke haya a Maitama da Asokoro da Garki, lokaci ya yi da za a amince da su a fili, a sa musu ƙa'idar iska da ruwa da hanyar fita idan gobara ta tashi.

Abokin nawa dai dillalai sun fara yi masa sintiri tun bayan sanarwar. Farashin da suka ambata ya ninka abin da ya biya a da sau da yawa, kuma 'ya'yansa sun matsa masa ya karɓa. Makon jiya ya je duba wani fili a bayan Kuje. Ya ce mini wurin shiru ne, sai dai babu ruwan famfo, kuma asibitin da matarsa ke zuwa yana Garki.